Metformin ko kirfa? Ni na gwada duka biyun

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce likita ya ɗora ki a kan metformin, yana tayar miki da ciki, an kuma ba ki shawarar ki koma kan kafson kirfa tunda shi ma wai yana sauke suga. Hanyar nan da kike shirin bi na riga ki binta, shi ya sa na kasa wuce tambayarki.

Shekarata takwas da ciwon suga nau'i na biyu. Makonnin farko a kan metformin ban ji da daɗi ba: gudawa, tashin zuciya, baki kamar na tsotsi ƙarfe. Da wata ƙawata ta kawo mini kirfa, sai na ajiye ƙwayoyin a ƙasan akwati ban gaya wa kowa ba. Da fari lambar sugan da nake aunawa da safe ta yi kyau, na ce to ga magani. Abin da ban lura ba, a lokacin tsoro ya sa na rage ci, ina kuma tafiyar ƙafa kullum, amma ladan duk kirfa na ba. Da tsoron ya ragu sai lamba ta fara hawa, ni kuwa ranar da ta hau sai in ɗora wa na'urar laifi. A wata na huɗu ƙishirwa ta dawo, fitsarin dare ya hana ni barci, ido yana hazo-hazo. Aka yi mini gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya zauna a jini wata biyu zuwa uku baya, ya tashi daga 7 da 'yan kai zuwa 9. Wannan gwajin ba a yi masa wayo.

Likitan bai yi mini faɗa ba, dalili kawai ya tambaya. Da na faɗa, ya ce ai da tun farko na yi magana. Ya mayar da ni kan nau'in metformin da ke narkewa a hankali, miligiram 500 tare da abincin dare, aka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Kafin mako uku ciki ya kwanta. Wata huɗu na ɓata a kan abin da magana ɗaya za ta gyara.

Daga baya ne na zauna na yi karatu a kansu. Aikin metformin shi ne rage sugan da hanta ke zubowa cikin jini, ya kuma sa jiki ya fi jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini. Yakan sauke HbA1c da kamar maki ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Tun 1957 wani likitan Faransa, Jean Sterne, ya fara ba masu ciwon suga shi, kuma babban binciken UKPDS na Birtaniya da ya fito a 1998 ya nuna ya rage mace-mace a cikin masu ƙiba da ke shan sa. Abin dariyar ma, masu cewa shi na Bature ne kirfa kuma na itace, asalin metformin ɗin ma daga wani tsiro ne mai suna Galega.

Kirfa kuwa sunanta ya tashi ne bayan wani bincike a Pakistan a 2003, mutum 60, kwana 40, inda sugan safe ya sauka. Binciken da suka biyo baya wasu sun ga ɗan sauƙi, wasu ba su ga komai ba, har masu tace bincike na Cochrane suka ce a 2012 hujja ba ta isa ba. Sannan kirfa ba iri ɗaya ba ce. Wadda ta fi yawa, kasiya, tana da sinadarin kumarin mai iya taɓa hanta idan aka daɗe ana sha da yawa. Ta Silon, wato ƙasar Sri Lanka, nata kumarin kaɗan ne. Kafso kuma ba lallai a rubuta miki wacce ce a ciki ba.

Ba na cewa metformin ba shi da nasa. Mai raunin ƙoda sosai ba a ba shi, kuma shekaru suna tafiya yana iya rage bitamin B12, ni kaina sai da aka ba ni ƙari da tafin ƙafata ya fara yi mini kamar ana tsira allura. Amma waɗannan an san su, ana auna su.

Har yau ina barbaɗa kirfa don ƙamshinta, likitana ya sani. Ke dai kada ki ajiye ƙwayarki kafin ki koma wurinsa. Ki gaya masa ainihin yadda cikin ke yi miki, ki tambaye shi batun mai narkewa a hankali, ki kuma tafi da kwalbar kirfar ya duba abin da aka rubuta a jikinta.