Wa ake fara tuntuɓa idan aiki ya haɗu da rigima?

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce jarrabawar PMP da kake wa shiri, ta masu jagorancin ayyuka wadda cibiyar PMI ta Amurka ke shiryawa, tambaya 180 ce cikin kusan awa huɗu. Wata a zaɓi amsa ɗaya, wata biyu ko uku, wata a haɗa abu da abokinsa. Wadda ta ɗaure maka kai ita ce a kawo rigima a ce me shugaban aiki zai fara yi, shi ne kake tambaya wa ake fara tuntuɓa a al'adarmu. Na yi murmushi, daga baya abin ya dame ni, a ce ɗan Katsina sai takarda ta tuna masa wannan.

Ina saurayi ina kwaɓa wa magina ƙasa, muka kama wani zaure kusa da Gobarau. An jera azara, saura daɓen rufi da makuba, ga damina a kai. Sai maƙwabci ya fito yana huci, wai indararonmu a katangarsa zai zuba. Wanda muke wa ginin ya ce filinsa ne, a ci gaba. Maigidanmu bai tanka ba. Ya sauko daga tsani, ya wanke hannu, ya ɗauki goro, ya je ya tsuguna a ƙofar mutumin. Bai nemi mai unguwa ba. Ya bar shi ya amayar da duk abin da ke cikinsa, sannan ya ce ya zo ya nuna masa da hannu. Ashe ɗakin gyatumarsa ne a bayan katangar, bara ma ruwa ya ci gindinsa. Aka mayar da indararon ta lungu. Yini guda muka rasa, har yau ina ganin tsohuwar tana miƙo mana fura a ƙwarya.

Da yamma na tambayi maigidanmu dalili, ya ce mahaifinsa kan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yanzu fa? Mutum ya wayi gari ya ga tipa ta juye yashi a ƙofarsa, ko sallama babu, gobe kuma a tsinci juna a kotu. Kai ma da ka yi katangar bulo bara, ka gai da na bayan gidanka kafin a haƙa tushe?

In ka zo Sallah ka tuna mini, mu taka Gobarau in nuna maka lungun.