Aikin gadi ya hana ni sujadar Lahadi: anya ina ƙaunar Allah kuwa?

Tambaya: Baba Fasto, ina gaisuwa. Ni ɗan Kudancin Kaduna ne, ina gadi a wani gida a unguwar Lekki, a Legas. Yawancin Lahadi ina bakin ƙofa, ba na samun zuwa sujada. A gida ina cikin mawaƙa, zuciyata na zafi, yanzu kuwa ko addu'a na yi sai in ji ta bushe. Mene ne ƙaunar Allah ga mutum irina?

Amsa: Ɗana, wanda ba ya ƙaunar Allah ba ya kwana da irin wannan damuwa. Ka kwantar da hankalinka tukuna.

Da wani masanin Attaura ya tambayi Yesu wace doka ce mafi girma, a Matiyu 22, sai ya ce ka ƙaunaci Ubangiji Allahnka da dukan zuciyarka da ranka da hankalinka, ka kuma ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka. Ta farkon daga Maimaitawar Shari'a 6 ya ɗauko ta, kuma a can an faɗi inda za a riƙa tuna maganar: a zaune a gida, a tafe a hanya, lokacin kwanciya da lokacin tashi. Ka ga ke nan bencin da kake zama a kai da dare yana ciki, motar haya ta danfo da kake shiga zuwa Obalende ma tana ciki.

Zafin zuciya alheri ne, amma yana zuwa yana tafiya. Dawuda kansa a Zabura 13 yana tambayar Allah har yaushe zai manta da shi. Ma'aunin da Yesu ya ba mu a Yahaya 14:15 shi ne, in muna ƙaunarsa za mu kiyaye umarnansa.

To, a wurinka mene ne wannan? A ce oga ya ba ka kuɗin man janareta na jarka biyu, ya yi tafiya. Ba mai dubawa. Direba ya matso ya ce a sayi ɗaya a raba sauran, ai kowa haka yake yi a Legas. Albashinka bai kai ƙarshen wata ba, ga kuɗin makarantar yara ana jira a gida. Ka ce a'a, ka sayo jarka biyun, ka ajiye rasit da canji. A ganina wannan a'a ɗin ta fi waƙa goma nauyi a gaban Allah, domin ta ci maka wani abu. Lokacin da Bulus ya ce duk abin da kuke yi ku yi shi da zuciya ɗaya kamar ga Ubangiji, a Kolosiyawa 3, da bayi yake magana, mutanen da ba su da iko da lokacinsu ko kaɗan.

Kada kuma ka ɗauka kai ne na farko da Lahadi ta same shi a bakin aiki. Sai a shekara ta 321 ne Sarkin Roma Kwanstantin ya mai da ita ranar hutu. Kafin nan masu bi da yawa ma'aikata ne a ranar. Wajen shekara ta 112 wani gwamnan Roma a Bitiniya, Filini, ya rubuta wa Sarki Tarajan cewa Kirista sukan taru tun kafin gari ya waye, su yi wa Almasihu waƙa, su ɗauki alkawarin ba za su yi sata ko zina ba, ba za su ci amanar da aka ba su ajiya ba. Wanda ba Kirista ba ne ya shaide su haka.

Sai maƙwabci. 1 Yahaya 4:20 ba ta da sassauci: wanda ya ce yana ƙaunar Allah alhali yana ƙin ɗan'uwansa, maƙaryaci ne. Yarinyar da ke aiki a gidan, wadda ake daka wa tsawa kullum, ka yi mata magana mai daɗi. Maigadin gidan da ke kusa da ku, in Musulmi ne, ka duba masa ƙofa ya je sallar Juma'a. Na san akwai raunukan da wasunmu suka taho da su daga gida, ba na raina su, amma Yesu bai cire kowa daga cikin maƙwabta ba.

Duk da haka ba zan ce maka ka haƙura da zumunci ba. Ibraniyawa 10:25 ta gargaɗe mu kada mu bar taruwa, kuma bushewar da kake ji, kaɗaici yana da hannu a ciki. Ka sami oga cikin ladabi, ranar da ransa yake sake, ka roƙi Lahadi ɗaya ko biyu a wata, ko ku yi musanya da abokin aikinka. Akwai ikilisiyoyin da ke sujada da Hausa a Legas, ka tambayi 'yan'uwa 'yan ECWA ko COCIN wadda ta fi kusa da kai, ka kuma nemi taron addu'ar tsakiyar mako. In ma hakan bai yiwu ba, a layinku da wuya a rasa masu gadi biyu ko uku masu bi. Ku sa lokaci da asuba kafin motoci su fara fita, ku karanta sura ɗaya, kai kuma da ka iya waƙa ka ba da amshi.