Amsa ga mai son komawa gudun dogon zango bayan ya rame da yunwa

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce wata huɗu kana cin abinci sau ɗaya a rana, abin da bai wuce kalori 800 ba (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), ka sauko daga kilo 72 zuwa 58, yanzu kana son komawa atisaye don gudun yada ƙanin wani, amma kilomita biyu kawai ƙafafu su yi nauyi jiri ya ɗebe ka. Kana tambaya ko ka daure ka ci gaba har jiki ya saba.

Kada ka daure. Kilo 14 daga 72 kusan kashi 20 cikin ɗari ne na jikinka, kuma ba kitse kaɗai ya tafi ba. Tsoka ta tafi, har tsokar zuciya, jini ya ragu, ƙashi ma ya yi rauni.

Kafin takalmin gudu, asibiti. Wanda ya rasa sama da kashi 15 cikin ɗari na nauyinsa cikin wata uku zuwa shida yana cikin masu haɗarin wata matsala da ke zuwa lokacin da aka dawo da cin abinci da yawa farat ɗaya. Yadda abin yake: da zarar tuwo ko shinkafa ko zaƙi ya shiga da yawa, insulin, wato sinadarin da ke sarrafa sukarin jini, ya tashi, sai ya kwashi sinadaran fosfet da fotasiyam da magnesiyam daga jini ya cusa su cikin ƙwayoyin jiki. Dama sun yi ƙaranci, sai jinin ya wayi gari babu su, zuciya ta rikice da bugu. Yawanci a kwana biyu zuwa biyar na farko yake faruwa. Saboda haka a auna maka waɗannan ukun, da yawan jini, da feritin wato ma'ajiyar ƙarfen jini, da aikin ƙoda da hanta, a yi gwajin zuciya na ECG. Ka tambayi likita batun bitamin B1, don ana fara shi kafin a ƙara abinci. Idan har yanzu kana kan kalori 800 ɗin, likita ne zai faɗi inda za ka fara, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan duk bayan kwana biyu ko uku. Bugun zuciya ƙasa da 40 a minti ɗaya a zaune, suma, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama ko ruɗewa, wannan na gaggawa ne a ranar.

Kuma kada jinkirin bugun zuciya ya yaudare ka. 'Yan gudu suna alfahari da shi, amma na yunwa daban ne: zuciyar ce ta rage aiki don tattalin mai. Alamarsa, kana miƙewa tsaye sai bugun ya haura da 30 ko fiye, ido ya yi duhu.

Yanzu lissafin abinci, wanda shi ne ainihin maganar. Masana wasanni suna duba abin da ya rage wa jiki bayan an cire wanda atisaye ya ƙone, a raba shi da nauyin jiki ban da kitse. Kalori 45 ga kowane kilo a rana shi ne lafiya, ƙasa da 30 kuwa jiki ya fara rufe wasu ayyukansa. Kwamitin Olamfik na duniya ya sa wa wannan hali suna RED-S a 2014. Mu ɗauka jikinka ban da kitse kilo 52 ne. Kana bukatar wajen kalori 2,300 ko da ba ka yi gudu ba. Gudu yana cin kusan kalori ɗaya ga kowane kilo a kowace kilomita, wato kilomita 10 ta ci maka kusan 600. Idan ka ci 2,000 ka yi wannan gudun, saura 1,400, ka raba da 52 ya ba ka 27. Ka ga mutum yana ganin ya ci ya ƙoshi alhali har yanzu yunwa jikinsa ke ciki. Nan mutane da yawa ke faɗawa.

Bayan an wuce makonnin farko, ka nemi ƙarin rubu'in kilo zuwa rabin kilo a mako. Furotin giram 1.6 zuwa 2 ga kowane kilo a rana, wajen giram 100 ke nan a gare ka, a raba shi gida huɗu. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, sai wake, awara, kifi, nono, nama. Sitaci wajen giram 5 ga kowane kilo a rana. Cikin da ya daɗe babu abinci yana saurin cika da kumburi, don haka ci kaɗan sau biyar ko shida ya fi tulin tuwo sau biyu. Abin sha ya fi sauƙin wucewa: fura da nono, kunun gyaɗa, madara. Gyaɗa giram 100 ta haura kalori 550, cokalin man gyaɗa ɗaya a kan garau-garau wajen 120 ne. Hanta sau ɗaya a mako tana taimaka wa jini, amma ka raba shayi da lokacin cin abinci da awa guda, don yana hana ƙarfen shiga. Azumin nafila da gudun asuba da wofin ciki, a ajiye su tukuna.

Mako na farko ko na biyu sikeli zai iya nuna ƙarin kilo ɗaya ko biyu, idon sawu ya ɗan kumbura. Ruwa ne. Kowane giram na sitacin da tsoka ke adanawa yana riƙe wajen giram uku na ruwa. Daga baya kuma tumbi zai riga damtse dawowa. An ga haka a gwajin da Ancel Keys ya jagoranta a Minnesota ta Amurka a 1944 zuwa 1945, inda aka ɗauki maza 36 aka ɗora su a kan rabin abincinsu na tsarin mako 24, suka rasa kusan rubu'in nauyinsu. Da aka dawo musu da abinci, kitse ya riga tsoka dawowa, yunwa mai tsanani ta bi su watanni, ƙarfinsu kuwa bai dawo ba bayan mako 12 na farfaɗowa. Wanda ya ga tumbin ya tsorata ya sake rage ci, ya koma gidan jiya.

Atisayen kansa, ga yadda zan jera shi. Mako biyu zuwa uku na farko tafiya kawai, minti 15 zuwa 20 da sanyin safiya bayan ka ci wani abu. Idan gwajin jini ya yi kyau, jiri ya tafi, nauyi ya hau mako uku a jere, sai ka ƙara motsa tsoka sau biyu a mako: tsugunno da miƙewa, hawa matakala, ɗaga dunduniya, kowanne sau 8 zuwa 10, zagaye biyu. Keke ko ninƙaya minti 20 zuwa 30 sun dace a nan. Wajen mako na shida zuwa takwas sai gudu: minti ɗaya gudu, biyu tafiya, sau takwas, a yi rana ɗaya a huta rana ɗaya, a kan ƙasa ko ciyawa, da saurin da za ka iya hira. Duk makon da ka ƙara nisa ka ƙara abinci. Duk makon da sikeli ya sauka, ka rage gudu da rabi. Gudun sauri da hawan tudu sai bayan wata uku ko huɗu. Gasar da ka sa a rai, ni dai sai in ce a bar ta sai baɗi.

Dalilin wannan jan ƙafa ƙashi ne. Numfashi yana dawowa cikin makonni, ka ji kamar za ka tashi sama, ƙashi kuwa watanni yake ɗauka. A wannan tsakanin ake samun tsagewar ƙashi. Ciwon da za ka iya nunawa da yatsa ɗaya a ƙwauri ko saman ƙafa, wanda ke ƙaruwa idan ka yi tsalle da ƙafa ɗaya, ka tsaya. Ciwon matsematsi ko ƙugu ko ƙasan baya ya fi haɗari, yana iya zama wuyan ƙashin cinya, kuma hoton ƙashi na yau da kullum ba ya cika nuna shi a makonnin farko. Ka riƙa samun kalsiyam wajen miligiram 1,000 a rana daga nono, madara da ƙananan kifi masu ƙaya.

Alamun farfaɗowa da ba sikeli ba: sanyin hannu da ƙafa ya ragu, barci ya daidaita, gashi ya daina zubewa, sha'awa ta dawo ga namiji. 'Yan'uwa mata da ke karantawa, dawowar al'ada wata uku a jere ita ce babbar alama, kuma jinin da ƙwayar tazarar haihuwa ke kawowa ba ya cikin lissafi.

Idan kuma ka lura ƙarin abincin yana sa ka fargaba, ko ba ka iya cin loma sai ka ƙirga, ko ranar hutu ta zame maka kamar laifi, ka faɗa wa likitan haka ƙarara a zuwan farko, don shi ma wannan yana da magani kuma yana canza tsarin gaba ɗaya.