Zan sayar da motata ta intanet: ta wace hanya zan karɓi kuɗina?

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan abu guda suka zo: mutum ya ɗora hoton motarsa a Jiji ko Facebook, mai saye ya kira, an daidaita, saura biya. A nan ne hankali ke tashi, kuma ya cancanci ya tashi, domin mota ga yawancinmu tarin shekaru ce.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Zariya: Na sa Corolla ɗina a kasuwa, mun daidaita da wani a kan naira miliyan 7. Ya ce zai zo ranar Asabar da yamma, in zaɓa ko tsabar kuɗi ko ya tura mini ta waya. Wanne ya fi aminci?

Malam, kafin mu zo kan hanyar biya, ranar ce ban yarda da ita ba. Asabar da yamma banki a rufe yake, babu wanda za ka je gabansa ya duba maka asusu idan wani abu ya rikice, sai Litinin, kuma kafin Litinin mota ta isa inda za ta isa. Ka ce masa ya zo ranar aiki da hantsi, ku haɗu a reshen bankinka. Mai saye na gaskiya ba ya ƙin wannan, don shi ma kariya ce gare shi.

Tsabar kuɗi kuwa ka cire ta daga lissafi. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta haramta wa mutum ɗaya biya ko karɓar tsabar kuɗin da ta haura naira miliyan 5 ba tare da ta bi ta banki ba, kamfani kuma miliyan 10. Naka cinikin ya wuce wannan iyaka. Ko da bai wuce ba, miliyan 7 a takardun naira dubu-dubu ƙwaya 7,000 ne. Wa zai zauna ya tantance su ɗaya bayan ɗaya a ƙofar gida bayan magariba? Ana cusa jabu a tsakiyar bandir, kuma wanda ya kawo maka kuɗin ya riga ya san inda za su kwana. Idan dole sai tsaba a ƙaramin ciniki, ya kai wa mai karɓar kuɗi a banki da hannunsa, na'ura ta ƙirga, a zuba a asusunka.

Don haka tura kuɗi ta banki ita ce hanyar, amma da sharaɗi: ba ka yarda da komai sai abin da ka gani a cikin manhajar bankinka, a wayarka, kai ka buɗe ta da hannunka. Saƙon alat ba hujja ba ne. Mutane da yawa suna ɗauka cewa tunda saƙo ya faɗo cikin jerin saƙonnin da banki ya saba turo musu, to daga banki yake. Waya ba ta tantance mai aikowa, sunan da aka liƙa wa saƙon kawai take dubawa ta jera shi tare da masu irin sunan. Masu damfara suna amfani da hanyoyin tura saƙo ga jama'a da yawa su rubuta sunan banki a gurbin mai aikowa, su kwaikwayi tsarin alat ɗin har da ragowar kuɗi. Rasit ɗin da zai nuna maka a allon wayarsa ko ya turo ta WhatsApp ya ma fi sauƙin ƙirƙira, akwai manhajojin bogi da aikinsu ke nan.

Ka rubuta adadin da ke asusunka kafin ya tura. Bayan ya ce ya tura, ka fita daga manhajar ka sake shiga, ka ga adadin ya ƙaru da miliyan 7 cif, ka buɗe tarihin shige da fice ka ga sunan wanda ya turo. Idan intanet ta ƙi, ka danna lambar bankinka, kamar *737# ta GTBank, *966# ta Zenith, *894# ta First Bank ko *919# ta UBA. Tunda kuna cikin banki ma, ka nemi ma'aikaci ya buga maka bayanin asusu na ranar.

Akwai wani wuri da mutanen kirki ma suke faɗawa. Mai saye ya tura da gaske, an cire masa kuɗin, ga alat ɗinsa na gaskiya, amma kai shiru. Sai ya ce, “Wallahi ka ga an cire, matsalar sabis ce, ba ni makulli zai shigo.” Wataƙila bai yi ƙarya ba. Sai dai tura kuɗi tsakanin bankuna yana bi ne ta tsarin tura kuɗi nan take da NIBSS, kamfanin da ke daidaita biyan kuɗi tsakanin bankunan Najeriya, ya fara a 2011, kuma idan turawar ta maƙale a hanya, sau da yawa asusun mai turawa kuɗin ke komawa, ba naka ba. Ka ba shi wuri ya zauna, ka saya masa ruwa, amma makulli da takardun mota na asali suna aljihunka har kuɗi su sauka. A jikin rasit na gaskiya akwai wata lamba mai tsawon lambobi 30 da ake rubuta wa Session ID; da ita banki ke bin sawun kuɗin.

Ƙaramin abu guda: kada ka ba da asusun da aka buɗe da lambar waya ba a ɗaga matakinsa ba. Asusun mataki na farko ba ya riƙe fiye da naira 300,000. Shi ma mai sayen ya tambayi bankinsa iyakar abin da zai iya turawa a rana tun kafin ya taso, kada a zo ana cewa za a ba ka miliyan 5 yau, sauran gobe, amma a tafi da mota.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Kano: Wanda ya zo ganin motar ya ce yayansa ne zai tura kuɗin daga nasa asusun. Tunda kuɗi za su shigo da gaske, ina ruwana da sunan mai turowa?

Hajiya, da ruwanki ƙwarai, kuma wannan ce tambayar da na fi so kowa ya karanta, domin a nan kuɗin na gaske ne amma duk da haka ana iya raba ki da motar.

Ga yadda ake ƙulla ta. Ɗan damfara ya kwashi hotunan motarki ya sake tallata ta a wani wuri da farashi mai rahusa, kamar shi ne mai ita. Wani bawan Allah ya gani ya yi sha'awa, sai a ba shi lambar asusunki a ce nan zai biya. A gefenki kuma ɗan damfarar ya zo a matsayin mai saye, ya ce yayansa zai turo. Kuɗi suka shigo, kika miƙa makulli, ya tafi. Bayan kwana biyu wanda ya biya bai ga mota ba, ya kai ƙara, kuma sunanki da lambar BVN ɗinki ne a jikin asusun da ya karɓi kuɗinsa. Haka abin yake idan da wayar sata ko asusun da aka yi wa kutse aka turo. Banki zai iya ɗaure asusunki ya hana fitar da ko sisi har a gama bincike, ke ce za ki yi ta zarya tsakanin banki da ofishin 'yan sanda, ga mota babu.

Maganinta sunan da ya turo kuɗi ya zama shi ne sunan da ke kan katin shaidar mai saye, shi ne kuma sunan da za a rubuta a takardar ciniki. Idan da gaske yayansa ne zai biya, ba laifi, ana yin haka a kowane gida. Yayan ya zo da kansa da katinsa na ɗan ƙasa, ya sa hannu cewa shi ya biya wa ƙanensa. In ya yi nisa, ya tura wa ƙanen, ƙanen ya turo miki daga nasa asusun. Wannan ƙarin minti biyar ne kacal, wanda ya ce ba zai yiwu ba ki bar shi ya wuce.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Gombe: An ba ni cakin banki, na kai, har alat ya shigo. In saki motar?

A'a, Alhaji, ba yanzu ba. Alat ɗin na gaske ne, amma yana nuna an shigar da caki ne, ba wai an biya shi ba. Ka duba manhajarka, za ka ga adadi biyu: jimillar da ke rubuce a littafi da kuma wanda za ka iya cira. Har sai kuɗin sun koma na biyun, cakin yana iya dawowa babu komai. Gaskiya ne dokar 1977 ta tanadi ɗaurin shekara 2 ga mai ba da cakin da babu kuɗi a bayansa, amma sai an kama shi tukuna. Daraf ɗin banki ma, wato cakin da banki da kansa ke bayarwa, ana buga jabunsa, ka jira a tabbatar.

Tambaya daga wani matashi a Kaduna: Mai saye ya ce yana ƙasar waje, ya turo mini wani shafi da zai riƙe kuɗin amana har direbansa ya ɗauki motar. Ya kuma ce ya yi kuskure ya sa 400,000 fiye da farashi, in ba direban.

Ɗan'uwa, damfara biyu ce aka haɗa maka a kwano ɗaya. Riƙe kuɗi amana a hannun na uku tsari ne mai kyau a asalinsa, amma ba shafin da mai saye ya zaɓo ya turo maka ba. Ana gina irinsa a yini guda, ya nuna maka miliyoyi a allo, sannan ya nemi lambar katinka ko ya ce ka biya kuɗin sakin ajiya. Mai karɓar kuɗi lambar asusunsa mai lamba 10 kawai yake bayarwa. Duk wanda ya nemi lambar sirri, lambar bayan kati ko lambar OTP da aka turo wayarka, cire kuɗi yake shirin yi. Rarar 400,000 ɗin kuwa ita ce ainihin abin da yake nema: nasa kuɗin ba za su taɓa shigowa ba, naka da za ka ba direban su ne na gaske.

In kana son na uku a tsakani, dillalin mota da ka san rumfarsa da ƙungiyarsa ya fi maka wannan shafin, ka biya shi la'adarsa.

Ga ku duka huɗun, idan kuɗi sun tabbata, kada a tashi sai an rubuta takardar ciniki: sunaye, lambar mota, lambar shasi da ta inji, farashi, kwanan wata da lokacin miƙa makulli, lambar turawar nan mai 30, da sa hannun shaidu biyu. Kowa ya riƙe kwafi, ku ɗauki hotonta ku adana a imel ɗinku. Sannan ku matsa wa mai saye ya yi canjin mallaka a ofishin lasisi cikin 'yan kwanaki, domin muddin rajistar tana ɗauke da sunanku, ƙofarku za a fara ƙwanƙwasawa idan aka yi wani abu da motar.