Tambayi Likita: fitsarin kwance, jini a fitsari da makero a kan 'yan makaranta

Salam iyaye, ya yara ya makaranta? Tunda aka dawo daga hutu saƙonni suke ta shigowa, yau dai ga waɗanda na samu damar dubawa.

Wata uwa daga Rafindadi ta ce: Likita ɗana shekararshi 7, yana aji biyu a firamare amma har yanzu fitsarin kwance yake, babanshi ya yi dukan har ya gaji, yayyenshi kuma sai tsokana.

Hajiya dan Allah a ajiye bulalar nan, wallahi ba da gangan yake yi ba. Mu a asibiti ba ma ɗaukar fitsarin kwance matsala sai yaro ya wuce shekara 5, kuma ko a 7 ɗin yara da yawa na yi, galibi ma gado ne, in kika bincika za ki ji wani a dangi ya yi. Barcinshi ne yake da nauyi, mafitsara ta cika bai farka ba. Ki ba shi ruwa sosai da rana, bayan isha'i a rage, shayi da lemon kwalba kuwa a daina da dare, ya yi fitsari kafin ya kwanta, ki shimfiɗa leda ƙarƙashin zanin gado. Ki kuma lura da bayan gidanshi don in yana tauri yana danne mafitsara, iyaye da yawa ba su san wannan ba. Amma in da can ya daina har wata 6 sannan ya dawo, ko yana yawan ƙishi yana ramewa, ko yana kukan zafi wajen fitsari, to ku zo a gwada fitsarin a duba suga. Yayyen nan kuma ki tsawata musu, tsokanar tana ƙara dagula yaro har a aji.

Wani uba daga Daura ya ce: Yarona ɗan shekara 11 yana ganin jini a ƙarshen fitsari, an ce min balaga ce ta zo da wuri. In an tashi islamiyya yana bin abokai wanka a kududdufi.

Malam wannan ba balaga ba ce, ba wata balaga da ke zuwa da jini a fitsarin namiji. Alamar tsargiya ce. Tsutsar tana fitowa daga jikin katantanwar da ke cikin ruwan kududdufi da dam, ta shiga ta fata yaro yana wanka bai ma ji ba, ta je ta zauna a jijiyoyin mafitsara tana ƙwai. Ka kai shi babban asibitin Daura a gwada fitsari, maganin praziquantel ne, da nauyin yaro ake auna shi, kuma a sha bayan an ci abinci. In aka bar ta shekaru tana kawo ƙarancin jini, yaro kullum a gajiye karatu ba ya shiga, ƙarshe ta taɓa ƙoda. Abin da ke damuna shi ne zai sha magani ya warke ya koma ruwan ya sake ɗauka, don haka ka yi magana da iyayen abokan nashi su ma a duba su.

Wata daga Ƙofar Ƙaura ta ce makero ya cinye kan yaranta biyu, ta shafa mai kala-kala a banza.

Mai kaɗai ba ya kai wa tushen gashi ƙanwata, sai an haɗa da na sha irin griseofulvin, sati 6 zuwa 8 ba fashi, likita ya rubuta daidai nauyinsu. Kar a shafa kalanzir ko toka. Ki saya musu kilifarsu ta aski in da hali, kowa da hularshi da matajinshi, kuma ba sai sun zauna gida ba, da an fara magani su ci gaba da zuwa makaranta.