Tambaya da amsa: wai cocin da babu aƙida ɗaya, wane irin addini ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin jinya a Minnesota a Amurka, akwai wata abokiyar aikina da take zuwa cocin Unitarian Universalist, tace su basu yarda da Triniti ba (wato aƙidar Kirista ta Allah ɗaya cikin uku: Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki) kuma a cocinsu har da waɗanda basu yarda da Allah ba ma kwata kwata. Kaina ya kulle wlh. Shin kusa suke da Musulunci ne ko kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar uwa. Toh gaskiya asalinsu ya ɗan yi kusa da abinda kike tunani, amma inda suke yanzu sun yi nisa sosai.

Tushen abin a Turai yake, ƙarni na 16, lokacin da wasu malaman Kirista suka karanta Baibul suka ce su fa basu ga Triniti a ciki ba, Allah ɗaya ne, Annabi Isa kuma ɗan adam ne, wannan shine ɓangaren da ake kira Unitarian. Abin bai zo musu da sauƙi ba, Michael Servetus ƙone shi akayi da ransa a Jeniba a 1553 saboda wannan maganar. A Transilbaniya (yankin da yake cikin ƙasar Romaniya a yau) ne suka samu sararawa, inda wani mai wa'azi Ferenc David ya shawo kan sarki John Sigismund, har aka fitar da dokar Torda a 1568 wadda ta bar masu wa'azi su faɗi fahimtarsu ba tare da an hukunta su ba, kuma ki lura yankin a lokacin yana ƙarƙashin inuwar daular Usmaniyya ne. Ɗaya ɓangaren kuma, wato Universalist, su cewa sukayi rahamar Allah tafi ƙarfin ace wani zai dawwama a wuta. A 1961 ƙungiyoyin biyu suka haɗe a Amurka, hedikwatarsu tana Boston.

Amma kafin haɗewar ma sun riga sun fara sakin aƙida ɗaya bayan ɗaya, tunda dama ƙa'idarsu itace kada a tilasta wa kowa abinda zai gaskata, kinga in kika buɗe wannan ƙofar ai babu mai iya tsayawa ya rufe ta rabi. Shiyasa yau a benci ɗaya zaki samu Kirista da mai bin Buda da Bayahude da wanda yace shi baisan ko akwai Allah ba, duk suna waƙa tare. Don haka kada ki kira abin tauhidi, babu kalmar shahada, babu littafi guda da yake hukunci akan kowa, babu ma wanda zai tambayeki me kika yarda dashi.

To me ya haɗa su? Alkawari. Kowace jama'a tana da alkawarin da suke yiwa juna na yadda zasu zauna, a mutunta kowa, a nemi gaskiya, a tsaya wa wanda aka zalunta. Ranar Lahadi ana kunna wuta a cikin wani kofi, alamar da aka zana a 1941 lokacin da ƙungiyarsu ta agaji take fitar da ƴan gudun hijira daga hannun Nazi ta Lisbon, sannan mutane su tashi su faɗi farin cikinsu ko baƙin cikinsu na satin, wani an masa haihuwa wani mahaifiyarsa tana asibiti, a saurara masa. Kuma ba baki kawai bane, limaminsu James Reeb duka aka masa a garin Selma na Amurka a 1965 har ya mutu, don ya je goyon bayan haƙƙin baƙaƙen fata na jefa ƙuri'a.

Ni a ganina anan ƙarfinsu yake kuma anan rauninsu yake. Zumuncin yana da kyau, amma ranar da mutuwa ta shigo gida, mai makoki yana son a faɗa masa ina mamacinsa ya tafi, su kuma basu da amsa ɗaya da zasu bayar, sai dai su zauna dashi su kawo abinci. Wasu hakan ya ishe su, wasu kuma shi yake sa su koma cocin iyayensu.

Game da ƙawar taki, in ta gayyace ki ba lallai tana son ta canja miki addini bane, basu cika damuwa da tubar da mutane ba, ya ma fi yiwuwa ta roƙe ki kizo ki musu bayanin azumin Ramadan.