Filin Tambaya da Amsa: Ina Abin da Yaro Ya Ƙware da Shi Yake Tafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 5 yana tauna ɗan maɓalli sai ya ƙware, ya yi ta tari har idonsa ya yi ja, daga baya ya lafa. Yau kwana 8 ke nan tarin bai tafi ba, kuma ƙirjinsa na fito idan yana barci. Ko maɓallin ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Akwai yiwuwar shi ne, kuma lafawar tarin farko ba ta nufin ya fita. A maƙogwaro hanya biyu ce: ta gaba ta iska, ta baya ta abinci. Bisa bakin ta iskar akwai wani ɗan murfi na guringuntsi da ke rufe ta duk lokacin da aka haɗiye abu. Idan yaro ya yi dariya ko ya ja numfashi da abu a baki, murfin a buɗe yake, sai abin ya zarce.

Bututun iskar na babban mutum tsawonsa santimita 10 zuwa 12 ne, da zobban guringuntsi 16 zuwa 20 da ke hana shi lotsewa. Taɓa gaban wuyanki, za ki ji su. A tsakiyar ƙirji ya rabu biyu. Reshen dama ya fi faɗi, ya fi gajarta, ya kuma fi miƙewa ƙasa, shi ya sa abin da aka shaƙa ya fi yawan faɗawa can, ko da yake a ƙananan yara bambancin bai kai na manya ba. Jijiyoyin da ke tayar da tari sun fi yawa a sama da kuma mararrabar. Da abin ya wuce su ya samu wurin zama, tari sai ya ragu, uwa ta ɗauka an rabu da shi. Alhali majina na taruwa a bayansa, iska na kutsawa ta ɗan gefen da ya rage tana fito, ƙwayoyin cuta kuma sun samu gida. Ƙarshenta limoniya ce, wato ciwon huhu, mai dawowa wuri ɗaya komai maganin da aka sha.

Ki kai shi asibiti yau, ki faɗi maganar maɓallin da bakinki. Roba sau da yawa ba ta fitowa a hoton ƙirji, don haka hoto mai kyau bai wanke shi ba. Da siririn bututu mai fitila ake leƙawa a ciro. Idan kuma wata rana yaro ya ƙware har ya kasa kuka ko tari, a sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau 5, sannan a matsa saman cibiya ciki da sama sau 5. Jariri ɗan ƙasa da shekara 1 ƙirji ake danna masa da yatsu biyu, ba ciki ba. Kada a zura yatsa ana lalube, tura abin ake ƙara yi.

Tambaya: Yaya zan gane numfashin jariri ya yi sauri?

Amsa: Da agogo. A ɗaga rigarsa yana kwance shiru, a ƙirga tashin cikinsa na minti ɗaya cur. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya: ƙasa da wata 2, sau 60 ko fiye; wata 2 zuwa 11, sau 50; shekara 1 zuwa 5, sau 40. Idan ƙasan haƙarƙarinsa na shigewa ciki lokacin jan iska, ba a jira safiya.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne. Me ya sa ba na iya riƙe numfashi fiye da minti ɗaya, iskar oksijin ce ke ƙarewa?

Amsa: A'a, a lokacin jininka cike yake da ita. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce, wadda muke fitarwa ma tana da kusan kashi 16. Abin da ke matsa maka shi ne iskar kabon dayokzaid da ke taruwa tana ƙara wa jini tsami. Gindin ƙwaƙwalwa na jin wannan, sai ya umarci faffaɗan naman da ya raba ƙirji da ciki ya sauka, ƙirji ya buɗe, iska ta shigo da kanta. Huhu ba shi da ƙarfin jan iska, bin ƙirji kawai yake yi. Ga babban mutum yana hutawa, kowane ja kusan rabin lita ne, sau 12 zuwa 20 a minti.

Nan ne masu ninƙaya ke yin kuskure. Mutum ya yi ta jan numfashi da sauri kafin ya nutsa, ya zubar da kabon dayokzaid ɗin, bai ƙara oksijin na a zo a gani ba. Ƙararrawar da ke matsa masa ya ja numfashi ta mutu ke nan, sai ya suma a ƙarƙashin ruwa bai ji wani ƙunci ba.